Kamarar Sulaimanu Mahauci

Sulaimanu ya kusa shekara hamsin kafin ya taɓa riƙe kamara a hannunsa. Mahauci ne ɗan mahauci, teburinsa yana layin 'yan nama a babbar kasuwar Garwa. Gajere ne mai faɗin ƙirji, yatsunsa kauri gare su kamar rogo. Abin da aka fi saninsa da shi a kasuwa shi ne bai taɓa cewa bai san abu ba. In ka tambaye shi hanyar garin da bai taɓa zuwa ba, zai ɗaga wuƙa ya nuna maka, har ya gaya maka inda gada ta karye.

Kamarar ta zo masa ne daga hannun mijin yayarsa, Alhaji Abubakar Siddiƙ mai shagon atamfa. Alhaji ya sayi waya mai ɗaukar hoto, sai ya ga ba shi da sauran amfani da kamarar. Ya haɗa masa da caja da katin ajiya da ɗan littafin bayani na Faransanci. Kafin sati ya zagayo, Sulaimanu ya gama naɗe wa masu sayen hanta namansu a cikin littafin.

Hotunan farko duk sun fito kamar ta cikin tururin tukunya aka ɗauke su. Matarsa Luba ce ya fara gwadawa a kanta, tana tsaye a bakin madafa. Ta karɓi kamarar ta daɗe tana kallon ɗan allon da ke bayanta.

"Baban Nazira, wannan ni ce?"

"Ke ce mana."

"To ina layukan nan na goshina?"

"Kamarar waje ce," in ji shi. "Ba ta ɗaukar abin da ba shi da amfani."

Labari ya zaga unguwa. Duk Juma'a da yamma sai mata su ci ado su cika tsakar gidan Luba, kowace ta koma gida da fuskar da ta rabu da ita tun haihuwar fari. Da a ce mata kaɗai yake ɗauka, da babu wanda zai ce akwai matsala. Amma wata rana ya ɗauki hoton wani rago fari da yake so ya nuna wa mai saye, mutumin ya duba ya ce shi ba matashin kai ya zo nema ba. Wannan ne ya kai Sulaimanu rumfar Émile.

Émile mutumin Mokolo ne, mai gyaran waya da rediyo a wata rumfar kwano kusa da inda 'yan moto, wato masu haya da babur, suke jiran fasinja. Hausarsa ta kasuwa ce, yana cuɗa ta da Fulatanci da Faransanci yadda ta zo masa. Ya karɓi kamarar, bai ma kunna ta ba, ya kai ta hanci ya shinshina.

"Baba Sule, wannan kamara ce ko tsire?"

Ya ɗauko wani ƙyalle mai laushi ya goge idon kamarar a hankali. Ƙyallen ya fito da maiƙo. Ya ce masa ya riƙa wanke hannu kafin ya taɓa ta, kada yatsa ya kusanci gilashin, kuma in zai ɗauka ya danna maɓallin rabi tukuna, ya jira ta yi ƙara ta daidaita, sannan ya ƙarasa dannawa.

"Na sani," in ji Sulaimanu. "Gwada ka nake yi."

Da ya koma gida ya sake ɗaukar Luba a bakin madafar. Wannan karon komai ya fito: layukan goshi, tabon man gyaɗa a hannun riga, har ƙudan da ke kan murfin tukunya. Luba ta duba da kyau. Sannan ta miƙa masa kamarar.

"Mayar da kitsen."

Tun daga ranar, duk wanda ya tsaya gabansa sai ya tambaye shi: da kitse ko babu? Mata suna faɗar abin da suke so kai tsaye. Maza kuwa su ce babu da ƙarfi, in ya ɗaga kamarar kuma su sauke murya su ce a ɗan shafa kaɗan.

Aikinsa na farko mai girma shi ne sunan jikan Alhaji. An yanka raguna, an shimfiɗa tabarmi har bakin titi, Sulaimanu ya sa babbar riga ya rataya kamara a wuya. Abin da bai lura da shi ba shi ne babban yatsansa ya danne wani maɓalli mai hoton agogo. Sai ya jera mutane, ya ce kowa ya tsaya cak, ya danna. Shiru, sai wata 'yar jar fitila tana ƙiftawa. Ya sauke kamarar yana gunaguni, a daidai lokacin ita kuma ta ɗauka. Haka aka yi tun safe har aka watse. Da yake bai yarda ya nuna wa kowa akwai abin da ya ɗaure masa kai ba, bai tsaya ya duba ko ɗaya ba.

Bayan la'asar 'yan uwa suka taru a zauren Alhaji don ganin hotuna. Na farko ƙafafu ne. Na biyu ƙafafu da gefen tabarma. Akwai na ƙwaryar fura, akwai na wutsiyar rago, amma yawanci ƙafafu ne, wasu da takalmi wasu babu. Jaririn da aka taru dominsa bai fito ko sau ɗaya ba.

Alhaji mutum ne mai sanyin hali. Ya ce tunda an riga an taru, a kalla. Nan take abin ya koma wasa, kowa yana neman ƙafarsa, ana gardama a kan mai faso da mai farcen da ya kai a kira wanzami. Ana cikin haka wani tela, maƙwabcin Alhaji, wanda ya koma gida ba takalmi ranar, ya ce a dakata a koma baya. Ga takalmansa nan, sababbi, masu igiya ja, a ƙafar wani. Aka bi wandon da ke saman ƙafar da kallo, aka ɗago kai aka dubi wandon da ke cikin zauren. Alhaji ya dubi ƙafarsa.

"Shi ya sa tun safe suke matse ni," ya ce, ya tuɓe ya miƙa.

Washegari Émile ya nuna wa Sulaimanu maɓallin agogon. Ya ce ba lalacewa ba ce, an yi shi ne don mai kamara in yana so shi ma ya fito a hoto: ya ajiye ta, ya danna, ya ruga ya shiga cikin mutane kafin ta ɗauka. Ya nuna masa yadda ake kashe shi. Sulaimanu bai saurari wannan ɓangaren ba, hankalinsa ya tsaya a na farko.

Daga nan ba a ƙara ɗaukar hoto a unguwar babu shi a ciki ba. Sai ya kifa turmi, ya ɗora kamara, ya danna, ya sheƙo a guje ya kutsa tsakiyar mutane. Har yau akwai gidaje a Garwa da ke da hoton biki rataye a bango: ga ango, ga abokan ango, ga wani gajeren mutum a tsakiya yana haki, hularsa a karkace. Yaran da aka haifa daga baya suna ɗauka kawunsu ne.

'Yarsa Nazira, wadda a lokacin take makarantar sakandare, ita ta nuna masa cewa kamarar tana ɗaukar bidiyo. Ya fara da taron mahauta da ake yi a ƙarƙashin wata bishiyar darbejiya bayan mayanka. Hoto ya fito tas, bakin kowa yana motsi, amma ba a jin komai sai wani gurnani kamar na cikin da ya sha wake. Yatsan nasa ne dai, ya kwanta a kan 'yan ramukan da sauti yake shiga.

Wannan karon bai yi saurin zuwa wurin Émile ba, don ya samo maganin da ya fi masa daɗi. In kasuwa ta lafa da yamma, sai ya kunna bidiyon a kan teburinsa, mutane su kewaye, shi kuma ya riƙa sa wa kowa magana a baki. Ya iya kwaikwayon murya ƙwarai. Inda Sarkin Fawa ya ɗaga hannu yana jan kunne a kan tsabtar mayanka, Sulaimanu ya shaƙe murya ya ce, "Jama'a, jiya uwargida ta hana ni tuwo, a kan tabarma na kwana da yunwa." Inda mahauta suka gyaɗa kai, ya ce, "Mu ma haka, ranka ya daɗe."

Magana ta kai kunnen Sarkin Fawa. Wata yamma sai ga shi da kansa, da sandarsa, ya ce a kunna masa. Sulaimanu ya so ya ce batir ya ƙare, amma fitilar tana ci kowa yana gani. Ya kunna, amma bai sa wa kowa magana a baki ba.

"Yi yadda ka saba," in ji Sarkin Fawa.

Ya yi. Tsohon ya saurara har ƙarshe bai yi dariya ba. Sannan ya sunkuyo kusa da kunnensa.

"Muryar ba ta yi kama da tawa ba. Amma zancen tuwon, wa ya gaya maka?"

Ya umarce shi ya kai kamarar gyara kafin taro na gaba. Émile ya nuna masa ramukan, ya manna ɗan jan salatif a gefensu don yatsa ya san iyakarsa. Ya ƙara da cewa in bidiyo ya ƙi magana, a fara duba ko an rage sautin kamarar ne kafin a zargi kowa. Sauti ya dawo. Sai dai bakin da ya fi kusa da ramukan na Sulaimanu ne, saboda haka duk bidiyon da ya ɗauka bayan nan, abin da aka fi ji shi ne numfashinsa da ra'ayinsa a kan hular mutane.

Abin da ya fi yawo a bakin jama'a cikin labaransa shi ne na bijimin san nan na Adumri. Alhaji zai aurar da ɗansa, yana son a yanka sa na gani na faɗa, ga shi ciwon gwiwa ya hana shi doguwar tafiya. Sai ya ce Sulaimanu ya je kasuwar shanu ta Adumri, can wajen Bibemi, ya ɗauko masa bidiyon wanda ya fi, shi kuma ya zaɓa daga kan kujerarsa.

Sulaimanu ya isa da hantsi. Wani dillali Bafulatani mai suna Mahamman ya kai shi gaban wani jan sa mai tozo kamar tulu, ƙahonsa sun miƙe sama. Sulaimanu ya ɗaga kamara ya danna, ta ƙi. Wani rubutu ya fito a allo: Carte protégée. Ya sake dannawa, rubutun ya sake fitowa. Mahamman ya ɗan taɓa makaranta, ya karanta a hankali, ya ce ma'anarsa an tsare katin.

"An tsare shi," in ji Sulaimanu. "Wa ya tsare shi?"

"Ba su rubuta suna ba."

Sulaimanu ya zauna a kan wani dutse ya fara lissafa waɗanda ba sa son auren nan ya yi armashi. Ya tuna wani mai hoto da ya harare shi a wani biki. Mahamman ya ce shi dai in saniya ta ƙi ba da nono tofi suke yi mata. Suka ciro katin, Mahamman ya yi tofi, Sulaimanu ya yi nasa, wani mai sayar da igiya da ke wucewa shi ma ya sa albarka. Aka mayar, rubutun yana nan. Sai a lokacin Sulaimanu ya kira Émile a waya.

"Baba Sule, ciro katin," in ji Émile. "Ka ga wani ɗan abu a gefensa, ƙarami kamar ƙwayar shinkafa? Ya zame ƙasa ne lokacin da kake tura shi. Tura shi sama da farce. Kuma me ya sa nake jin kamar katin a jiƙe yake?"

"Ta waya kake jin jiƙa?"

"Na san ka ne. Goge shi ya bushe kafin ka mayar."

Kamara ta kama aiki. Sulaimanu ya gaya wa Mahamman cewa tofin ne ya sassauta abin, farce ya ƙarasa.

Da ya zo ɗauka, sai ya ga ƙahon san ba sa shiga allo. Ya juya kamarar a tsaye, suka shiga. Ya zagaya san yana ɗauka yana yaba shi, san yana tuƙa abinsa bai kula shi ba. Da an tsaya nan da lafiya lau. Amma hannun mahauci ba ya ganin dabba ya ƙyale. Da ya iso bayansa, hannunsa na hagu ya kai da kansa ya matsa gindin wutsiya don jin kitse. Igiyar da ke ƙafar san kuwa ashe ba a ɗaure take da komai ba.

Abin da ya biyo baya duk yana cikin bidiyon, don bai tuna ya kashe ba. Ya dawo Garwa da yamma, riga a yage, gwiwa a kurje, ya wuce gidan Alhaji kai tsaye. Nazira ta haɗa kamarar da talabijin da wata igiya mai kai rawaya. Da farko allon ya yi baƙi, Sulaimanu ya ce ai tsarin ne ya biyo shi har gida. Nazira ta karɓi rimot ta mayar da talabijin ɗin tashar da igiyar take shiga. Sai ga sa ya fito, a kwance. Ƙafafunsa suna nuna ƙofa, ƙahonsa suna nuna taga, Mahamman ma yana tsaye a jikin bango kamar ƙadangare.

"San ba shi da lafiya ne?" Alhaji ya tambaya.

Nazira ta ce Baba ne ya riƙe kamarar a tsaye. Hoto ana iya juya shi a cikin kamarar, amma bidiyo yadda aka ɗauke shi haka zai fito. Kowa ya karkata kai. Da wuya ta gaji, Alhaji ya sauko daga kujera ya kwanta a kan kafet ta gefen dama, ya ce yanzu ya ga sa. Yayar Sulaimanu ta ce ita ba za ta kwanta a gaban surukai don kallon sa ba. A ƙarshe aka ɗaga talabijin ɗin aka tsayar da shi a kan gefensa, aka tokare da bandir ɗin atamfa.

Nan aka ga tozo, aka ga ƙaho, aka ji Sulaimanu yana cewa irin wannan ko a Ngaundere sai an tona. Aka ga hannu ya miƙa wajen wutsiya. Daga nan sai sama, sai ƙasa, sai tumaki suna watsewa, sai wata mai nono tana riƙe da ƙwaryarta a ka tana kaucewa. Sautin kuwa ya fito garau, babu abin da ya toshe shi. Aka ji Sulaimanu yana kiran sunan mahaifiyarsa da ta daɗe da rasuwa. Aka ji shi yana gaya wa san cewa ya tuba, daga yau ya bar fawa, zai koma sayar da goro. Ƙarshen bidiyon ganyen bishiya ne, da hancin sa daga ƙasa yana huci.

Alhaji ya ce a sake sawa. Aka sake. Ya share hawaye da gefen rawani.

"Wannan nake so," ya ce. "San da ya sa Sulaimanu hawa bishiya ba shi da ciwon komai."

Aka kawo san Garwa a mota. Ranar yanka kowa ya zuba ido ya ga haɗuwarsu, amma Sulaimanu ya aiko cewa wuyan hannunsa ya gurɗe. Wani mahaucin ne ya yi aikin. Shi dai ya zo cin nama, ya ce ya yi tauri.

Kamarar ta yi shekaru a hannunsa. Batirinta ya kumbura aka sake wani, murfin katin ya karye aka ɗaure da roba. A hankali kowa ya sami waya mai hoto, masu kiransa biki suka ragu, amma bai fasa rataya ta ba. Ƙarshenta ya zo ne wani rani a bakin Binuwai, inda ya je ɗaukar dorina. Igiyar wuya ta tsinke, kamarar ta faɗa cikin yashi da idonta a buɗe. Daga ranar idon ya maƙale, bai fita duka ba bai koma ba, sai ƙara yake kamar ana niƙa tsakuwa. Émile ya cire batir ya mayar, ya hura iska, ya ɗan bubbuga gefenta a tafin hannu, ya kwance ta ya kwana biyu yana fama. Ya ce yashin ya cinye haƙoran da ke tura idon, kuma irin wannan an daina kawo kayanta.

Sulaimanu ya karɓa bai yi gardama ba, abin da ya sa Émile ya bi shi da kallo har ya sha kwana. Ya rataye ta a ƙusa a saman teburinsa. Luba ta ce kwanakin nan ko abinci bai cika ci ba.

Nazira, wadda yanzu take gidan mijinta a Gidar, ta ji labari ta aiko masa da waya mai hoto. Ya kunna ta a bakin teburinsa, ya taɓa hoton kamara, ya duba, ya ɓata fuska. Ya bar wa maƙwabcinsa jiran nama ya nufi rumfar Émile.

"An sayar wa yarinyar nan tsohuwar waya," ya ce. "Da hoton wani dattijo a ciki, ya ƙi fita. Sai harara yake."

Émile ya leƙa. "Baba Sule, ɗaga gira."

Ya ɗaga. Dattijon ma ya ɗaga.

Émile ya ce wayar ido biyu gare ta, ɗaya a baya ɗaya a gaba, na gaban ne a buɗe. Ya kai yatsa zai juya masa, Sulaimanu ya janye wayar ya ce ya dakata. Ya matso da ita kusa, ya juya kai hagu, ya juya dama, ya shafa furfurar gemunsa.

"Babana sak," ya ce a hankali. "Har kunnen."

Ya ɗan jima a tsaye a haka, 'yan moto suna wucewa ta bayansa. Sannan ya tambayi Émile inda ake dannawa, ya gyara zaman hularsa, ya ɗauka, ya ce a tura wa Nazira.